Ranar da Gaya Ta Gyara Tsofaffin Kayanta

Baƙon da ya sauka Gaya ya tambayi inda muze yake, wato gidan adana kayan tarihi, da wuya a gane abin da yake nema. In ya ce ɗakin Ajuma, kowa zai nuna masa hanyar da ke gangarawa tsohon bakin fito. Can ƙarshenta, inda ƙasa ke fara laushi don kusancin kogin Kwara, akwai wani dogon ɗakin laka mai ƙofa ɗaya. Mai ɗakin tsohuwa ce doguwa, mai busassun hannuwa, ba ta da saurin magana. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta kuma taɓa niyyar tara kayan tarihi ba. Kayan ne suka taru a wurinta, ta ga babu makawa sai ta nema musu rufi.

An haife ta a Tunuga, a gidan masu dafa gishirin Foga. Da Dendanci ta tashi, Hausa a kasuwa ta koya, har yau in ranta ya ɓaci harsunan biyu gauraya suke yi a bakinta. Aure ne ya kawo ta Gaya. Mijinta Gado mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da kayansu zuwa gaɓar Dahome a wani babban jirgin katako da aka ɗinke da igiya tun zamanin mahaifinsa. Ita kuwa ta kafa rumfa a bakin ruwa tana sayar da tuwon masara da miyar kifi.

Daga rumfar ajiya ta soma. Bafatake zai iso da jakai, a ce masa jirgi ba zai ɗauki duk kayansa ba, sai ya sauke ƙullin da ba ya buƙata a hanya ya ce, "Ajuma, ajiye mini wannan sai na dawo." Wani ya dawo bayan wata, wani bayan damina biyu. Da kaya suka fi ƙarfin rumfa, Gado ya gina mata ɗaki a bayanta ya rufe da ciyawa. Ka'idarta ba ta da tsawo. Ba ta kwance ƙullin kowa, ba ta ba wani aron abin wani, wanda kuma ya zo karɓar nasa ba ta tambayarsa dalili.

Gado ya rasu ana cikin aikin gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, bai ga an gama ta ba. Da kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara ƙetare kogi bisa tayoyinsa, fito ya mutu. Masu jirage suka watse, wasu Kwatano, wasu Kumasi, wasu suka koma gona. Kowa kafin ya tafi sai ya biyo ta ɗakin Ajuma ya bar abin da ba zai iya ɗauka ba, ba zai kuma iya yarwa ba. Haka manyan filafilai suka shigo, da zago, wato mashin da Sarkawa ke farautar dorina da shi, da gangar da ake kiran masu fito da ita. Daga baya har waɗanda ba ruwansu da fito suka biyo sahu. Mata suka kawo tasoshin tagulla na kakanninsu da ƙoren da aka ɗinke tsagarsu, ƴan uwanta na Tunuga suka kawo tsohon kwandon tace ƙasar gishiri. Jirgin Gado ya ruɓe a bakin ruwa, Ajuma ta sa aka yanke goshinsa aka shigo da shi. A duk ɗakin, shi kaɗai ne nata.

A daminar 1961 gara ta gama da itatuwan kusurwar gabas, wani ruwan safe ya kawo rufin ƙasa. A wannan kusurwa ne Malam Alasan na Bengu ya rataye gafakarsa, cike da takardun da kakansa ya rubuta da hannu, labarin zuwan mutanensu da sunayen waɗanda suka haƙa rijiyoyin farko. Kafin a janye ciyawa tawada ta gudu a kan fiye da rabinsu. Ajuma da ƙafarta ta tafi Bengu ta faɗa masa. Malamin ya zo, ya jera abin da ya saura a rana, ya mayar cikin gafaka, ya rataya a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Haka Allah ya so, Inna," ya tafi da abinsa.

"Da ya zage ni da na samu sauƙi," in ji ta. Tun daga ranar ta ƙudura cewa damina ba za ta sake samun kayan mutane a ƙarƙashin ciyawa ba. Kwano take so, wanda a Gaya ake ce wa tol.

Ta fara da biron kwamanda, wato ofishin mai mulkin yankin. Magatakarda ya saurare ta da ladabi, ya tambaye ta ko ɗakin lakwal ne, ko na magani, ko na kasuwa. Ta ce ba ko ɗaya. Ya ce to shi bai san inda zai sa shi ba. Ta je wa manyan ƴan kasuwar goro, suka yi mata addu'a. Ɗayansu ya ce ta sayar masa da tagullar, kuɗin zai rufe ɗakin har da saura. Ta ce ya je ya tambayi masu ita, ta tashi.

Wanda ya nuna mata wata ƙofa shi ne Mushe Idrisa, malamin lakwal (Mushe ake kiran malaman boko a can), mutumin Zabori, wanda kan zauna da tsofaffi ranar hutu yana rubuta labaransu. Ya ce akwai wata ƙungiyar taimako ta ƙasar waje da ta buɗe biro a Yamai, tana tallafa wa wuraren adana kayan da, tana ba su kayan gini, tana kuma ɗaukar nauyin masu bincike.

"Inna, abin nan da kike da shi sunansa muze."

"Sunansa ajiya."

"A Gaya ke nan. In kika je Yamai kika ce ajiya, wurin ƴan duwan masu tsare kaya a kan iyaka za su tura ki."

"To ka rubuta musu muze. Amma ka gaya musu ba nawa ba ne."

Ya rubuta takardar roƙo da Faransanci. Ta ƙi yarda a sa ta a gidan waya, ta ce takarda ba ta iya zama a ƙofar mutum har ya gaji ya fito. Bayan girbi ta hau saman kamiyon doya, da takardar a ƙugu da ƙunshin gishirin Foga na gaisuwa, ta bi ta Doso har Yamai. Kullum da safe ta shimfiɗa mayafinta a inuwar biron, har mai gadi ya fara raba shayinsa da ita. Daga ƙarshe aka shigar da ita. Ta bakin tafinta aka ce mata za a turo mutum kafin damina ya duba, in kayan na da ne, masu daraja, za a aiko da tol. Ajuma ta riƙe kalmar daraja ta dawo da ita gida.

Ran kasuwa ta sanar cewa babban baƙo na zuwa daga Yamai ganin kayan da ke ɗakinta. Mushe Idrisa ba ya gari, an kira malamai Doso ƙaro sani.

A wannan ƙasa, in baƙo zai zo, ana share tsakar gida, a wanke tabarma, a ɓoye abin da ya tsage. Nuna wa baƙo tsohon abu kamar ka ce masa bai isa a yi masa shiri ba ne. Labo ne ya fara zuwa, ƙanen marigayi Gado, tsohon mafaraucin dorina, wanda tun tana amarya ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Matar yaya, ba ni zagona."

"Ga shi can. Ka kama da hannu biyu, yanzu ya fi ka nauyi."

"Ke dai ki share ɗakinki, kada baƙo ya ɗauka har da ke a cikin kayan."

Bayansa mai ganga ya zo, sai mata masu tagulla, sai ɗan aike daga Tunuga. Ba ta tambayi kowa dalili ba, kamar yadda ta saba. Ɗakin ya kusa zama fayau, sannan kaya suka fara dawowa. Labo ya sa wa zago sabuwar ƙota ta ɗanyen itace, maƙeri ya goge ƙarfen har yana ɗaukar ido. An yi wa ganga sabon rufi da fatar akuya. Mata sun dirje tagulla da toka da tsamiya. Wata Zuwaira ta ji kunyar ƙwaryar kakarta mai ɗinki, ta bar ta gida ta kawo sabon kwanon sha mai zanen furanni daga kasuwar Kamba. Mutanen Tunuga sun saƙa sabon kwando. Ajuma ta dubi duk wannan ta ga nata ne kaɗai ya rage a baya, ta kira Gambo mai fentin kamiyo ya shafe goshin jirgin Gado da shuɗi, ya ja masa jan layi a baki.

Mushe Idrisa ya dawo ana gobe baƙo zai zo. Ya tsaya bakin ƙofa, ya bi kayan da kallo, sannan ya nemi turmi ya zauna.

"Inna, wa ya ce a yi haka?"

"Ba wanda ya ce. Ai kowa ya san abin da ya kamata."

Baƙon saurayi ne mai suna Saini, Bazabarme, ya yi karatu a Dakar, Hausarsa kuma ba laifi. Ya gaida kowa yadda ya dace, ya sha ruwan da aka ba shi, sannan ya shiga ɗakin. Masu kaya suka cika ƙofa suna jiran yabo. Ya ɗauki zago ya juya shi, ya kai ƙotar hancinsa.

"Baba, wannan na yaushe ne?"

"Kakana ya kashe dorina da shi," in ji Labo.

"Itacen ɗanye ne."

"Ai don kai aka sa sabo, ɗana. Tsohon ba ya ganuwa."

Saini ya ajiye a hankali. Ya duba ganga, ya duba kwanon Zuwaira, ya tsaya gaban goshin jirgi ya taɓa shuɗin da yatsa. Ya roƙi a ba su wuri shi da mai ɗaki da Mushe.

"Inna, ni ɗan aike ne. An ce in zo in ga tsofaffin kaya in rubuta abin da idona ya gani. In na rubuta wannan tsoho ne, wani ya biyo bayana ya tarar da fenti, ba ku kaɗai za a hana ba, har garuruwan da ke jira a bayanku."

"Ba mu sauya komai ba. Gyara muka yi."

"Na sani. Amma masu bayar da tol ɗin, tsatsar da aka goge ita suke biya wa."

"To da me za a tarbi baƙo? Da tsumma?"

"Irin wannan baƙon, Inna, tsumman ya zo gani."

Ajuma ta tambaye shi ina ya nufa daga nan. Ya ce zai ƙetara Dahome duba wani wuri, ta gadar nan kuma zai dawo. Ta ce abu ɗaya take roƙo, ya bar takardarsa fara har ya dawo. Ya ce bai ga abin da zai sake ba, amma zai bari.

Da motarsa ta tashi aka yi ta ce-ce-ku-ce a ƙofar ɗaki. Wasu suka ce yaron raini ne da shi. Zuwaira ta ce a ba ta kwanonta. Labo ya jira kowa ya watse, ya matso.

"Matar yaya, abin nan mai sauƙi ne. A binne tagulla cikin lakar kogi. Zago kuma in rataye shi bisa bandar kifi, kafin yaron ya dawo ya girmi kakana."

"Sai in mayar wa mutane kayansu suna warin kifi."

"Wari na fita."

"Ƙaryar fa? Yaron nan ya kalle ni ya gaya mini gaskiya, bai ɓoye a takarda ba. In kana son tsufa, je ka kawo mini ƙotar da ka cire."

Labo ya sosa ƙeya. Ya ce sai dai ta tambayi Bibata, matarsa.

Washegari Ajuma ta ɗauki babban kwando ta shiga gari gida-gida da tambaya ɗaya, ina wanda kuka cire. A gidan Labo ta tarar Bibata ta tokare akurkin kaji da tsohuwar ƙotar. Da aka zare ta akurkin ya kife, kaji suka bazu a unguwa, Bibata ta bi su tana faɗin abin da ba za a rubuta ba game da dangin mijinta. Ƙotar baƙa ce wuluk, inda hannu ke kamawa ya lotsa ya yi santsi. Tsohuwar fatar ganga karen mai ganga ya riga ya ci gefe guda, aka ƙwato saura. Ƙwaryar Zuwaira tana bayan ɗaki, agwagi na shan ruwa a ciki. Zuwaira ta hana da farko, ta ce ba za a kai abin kunyarta gaban mutanen Yamai ba.

"Wa ya ɗinke ta?" in ji Ajuma.

"Kakata."

"To ɗinkin kakarki aka zo gani. Kwanon Kamba akwai shi a Yamai."

Ba ko'ina aka dace ba. Ta tafi Tunuga a cikin zafin bazara, ta iske an riga an hura wutar gishiri da tsohon kwandon. Ƴan uwanta suka yi ta ba ta haƙuri suna dariya, don sun kasa gane yadda mutum zai yi wannan tafiya saboda ruɓaɓɓen kwando. Tagulla kuwa ba abin da za a yi mata, abin da toka ta cire ya tafi. Goshin jirgi ma haka, fentin kamiyo ya shige katako. Sai dai Gambo waje kaɗai ya shafa. Ciki na nan yadda yake, da ɗinkin igiya da ƙaron da aka toshe ramuka da shi. Mushe Idrisa ya ba da shawara a jingina shuɗin da bango, a bar cikin yana kallon mai shigowa. Ta ƙi. Ta sa aka jawo shi tsakiyar ɗaki inda mutum zai zagaya ya ga duka biyu.

"Ni na sa aka shafa," in ji ta. "Kuma Gado na son shuɗi."

Ta jera kowane tsohon yanki kusa da gyararren abinsa. Sannan ta sake zagaya masu kaya ta ce ranar da baƙo zai dawo kowa ya zo ya zauna kusa da nasa, kada ya yi ado, kada ya kawo komai sabo.

Saini ya yi niyyar tsayawa ya gaisa ya wuce, sai ya wuni. Ya ɗauki tsohuwar ƙota a hannu ɗaya, zago a ɗaya, ya tambayi Labo ko wannan ce kakansa ya riƙe.

"A'a, wannan ta babana ce. Ta kakana dorina ta karya. Ƙota ai ba ta daɗewa, ɗana, kowa da tasa. Ƙarfen ne ake gado."

"Wannan sabuwar wa ya sassaƙa?"

"Ni mana. Matar yaya ce za ta sassaƙa?"

Saini ya sa shi ya nuna yadda ake ɗaure ƙarfen da igiyar da ke bin dorina in ta nutse. Mai ganga ya buga kiran da ake yi wa jirgin da ke wancan ƙetare, wasu tsofaffi a ƙofa suka amsa da baki ba su sani ba. Zuwaira ta riƙe ƙwaryarta a cinya, ta faɗi sunan kakarta da garin da aka auro ta. Mushe Idrisa na gefe yana rubutu har yatsunsa suka ƙage.

Da la'asar Saini ya rufe littafinsa. Ya ce zai rubuta komai, tsohon da sabon, da yadda aka yi aka gyara. Ya ce wannan ba zai dawo da tsatsa ba, bai kuma san abin da manyansa za su yanke ba. Ajuma ta ba shi busasshen kifi na hanya.

Daga nan sai shiru. Zafi ya ƙaru, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Ajuma ba ta zauna jiran Yamai ba. Ta tara masu kaya ta ce musu tunda sun sami ƙarfin gyara abin da bai nemi gyara ba, ga wanda yake nema nan bisa kansu. Ba wanda ya ji daɗin maganar, ba kuma wanda ya musa. Maza suka shiga kurmin giginya suka faso azara, wadda gara ba ta cika ci ba, aka sauke ruɓaɓɓun itatuwa aka jera sababbi da tazarar da za ta ɗauki kwano. Labo ya ce wannan ne karon farko da ya ga an yi wa baƙon da bai ce zai zo ba shimfiɗa. Ta ce ya yanko ciyawa ma ya ajiye, ko da baƙon ya ƙi zuwa.

An yi yayyafin farko, manoma sun fara duba iri, sai ga kamiyo ya gangaro bakin fito ya sauke tol. Da aka gwada a ƙasa, rabin ɗakin zai rufe. Direba ya ce iyakar abin da aka ba shi ke nan. Takardar da ta biyo kayan ta ce ƙungiya ta karɓi wani sashe na kayan a matsayin na tarihi, shi ta rufa wa, ta kuma yarda ta ɗauki nauyin Mushe Idrisa ya ci gaba da rubuta bayanan masu kaya a lokacin hutu. Shi Mushe, duk da rabonsa na ciki, ransa ya ɓaci. Ya ce zai rubuta musu ya tambaye su ko ruwan Gaya rabin ɗaki yake sauka.

"Rubuta musu godiya," in ji Ajuma. "Ka ce baɗi zan zo karɓar sauran. In ka gama ka cire takalmin nan ka hau sama."

Aka buga tol daga kusurwar gabas, wadda ta faɗi bara, har inda ya ƙare, aka rufe sauran da ciyawar Labo. Saura shirya kaya. Mushe ya ce a ganinsa abin da ƙungiya ta kira na tarihi shi ya kamata ya shiga ƙarƙashin tol, tunda don shi aka bayar. Ajuma ta ce ya rubuta wa Saini yadda ta yi, kada a ɓoye masa, amma ita da ruwa take shawara. Duk abin da ruwa ke ɓatawa ya koma gabas, fata da igiya da saƙa da ƙwarya, tsoho da sabo. Tagulla da ƙarfe suka koma yamma. A bangon gabas ta bar wani maratayi ba komai a kansa, ba ta ce don me ba.

Ruwan farko na gaske ya sauko da hantsi, da iska. Ƙarar tol ta hana a ji magana. Ajuma ta yi ta zagaya ɗakin tana shafa bango, tana ɗaga tafin hannu sama. A mahaɗar kwano da ciyawa ya ɗiga, ta ajiye kwanon Zuwaira mai furanni a wurin, wanda har yau aikinsa ke nan. Gabas kuwa ko ɗigo.

Ran kasuwar da ta biyo baya Malam Alasan ya zo daga Bengu. Ya shiga ya tsaya a kusurwar, ya dubi sama, ya taɓa ƙasa da yatsun ƙafa. Ya sauke gafaka daga kafaɗarsa.

"Inna, ajiye mini wannan."

Ta karɓa ta rataya.

Da na je Gaya neman labarin jarida a daminar 1963 rufin na nan yadda yake, rabi kwano rabi ciyawa. Ta koma Yamai bayan girbi kamar yadda ta ce, aka ce mata a bana an juya wajen wasu garuruwa, ta gwada wata shekara. Ta ce za ta gwada. A halin yanzu ta sa Mushe Idrisa ya rubuta wa masu fiton da suka tafi Kwatano da Kumasi, kowa ya aiko da falle ɗaya in yana son filafilinsa ya kwana a bushe, kuma ƴan falle sun fara isowa. Ta kuma ƙara wa ka'idarta abu ɗaya. Wanda ya zo karɓar kayansa har yanzu ba ta tambayarsa dalili, sai dai ta ce masa in ya cire wani abu ya dawo mata da shi.

Goshin jirgin Gado na yamma, ƙarƙashin ciyawa, shuɗinsa ya fara dusashewa. Na tambaye ta me ya sa abu ɗaya tak da ta mallaka bai sami wuri ƙarƙashin kwanon da ta sha wahalar nemowa ba.

"Jirgi ne," in ji ta. "Ya saba da ruwa."

Sannan ta tambaye ni ko a cikin masu karanta jaridarmu akwai mai sayar da tol.